Inda Aka Yarda Ka Tsaya: Zaɓen Gilashin Kyamara a Abuja

Duk mai ɗaukar hoton da ya baro Kano ko Zariya ya dawo Abuja da aiki, abin da ya fara cin karo da shi shi ne nisa. A cikin birnin Kano lungu ne ke gaya wa mutum iyakarsa: taku uku da baya, ƙeyarsa ta taɓa bango. Abuja kuwa gari ne da aka zana a takarda kafin a kafa tubali. Dokar da ta samar da shi ta fito a 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, Kenzo Tange ɗan Japan ya tsara tsakiyar birnin, gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991. Masu zanen sun bar tituna wangame, sun ware gine-gine da juna, sannan daga baya katanga da ƙofa da mai gadi suka ƙara wa nisan tsawo.

Nisan bai tsaya a titi ba. Yana nan a ɗakin taro inda jami'an tsaro ke ja wa 'yan jarida igiya. Yana nan a wajen kamu inda namiji ba ya kutsawa tsakiyar mata. Wani lokacin kuma abin ya juye, cunkoso ya matse mai hoto har ya kasa ɗaga gwiwar hannu. Shi ya sa idan sabon shiga ya tambaya wane gilashi zai saya wa kyamararsa, amsar da ta fi yi masa amfani ita ce a mayar masa da tambaya: a ina za a bar ka ka tsaya, kuma wane irin haske za ka tarar a wurin? Jerin gilasan da mujallun Turai ke yabawa an tsara shi ne don wasu titunan, wata ranar, wani aljihun.

A jikin kowane gilashi akwai lambobi iri biyu. Na farko milimita ne: 24, 35, 50, 85, 200. Ƙaramar lamba tana kwaso fili mai faɗi, babba tana tsuke filin ta jawo na nesa kusa. A kyamarar da farantin ɗaukar haskenta ya kai girman tsohon fim, wato milimita 36 da 24, gilashi mai 24 yana ganin kimanin digiri 84 daga kusurwa zuwa kusurwa, mai 50 kimanin 47, mai 200 kuwa 12 kacal. Amma yawancin kyamarorin da matasa ke farawa da su, irin su Canon 700D da Nikon D3200, farantinsu bai kai haka ba, don haka sai a ninka lambar da 1.6 a Canon, da 1.5 a Nikon da Sony. Mai 50 a kan ƙaramar Canon yana gani ne kamar mai 80. Mutane da yawa sun sayi gilashi ba su san wannan ba, sai da suka je ɗakin amarya suka ga bango ya hana su.

Lamba ta biyu ita ce mai harafin f a gaba, kuma ita ke nuna girman ƙofar da haske ke bi ya shiga. Lissafinta a juye yake: f/1.8 ƙofa ce a buɗe hanhai, f/16 ɗan tsukakken rami. Daga f/4 zuwa f/2.8 haske ya ninka sau biyu, daga f/2.8 zuwa f/2 ya sake ninkawa. Kuɗin gilashi da nauyinsa galibi a wannan lambar suke.

Matsalar haske tsohuwa ce. Tun ƙarni na 11 Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya bayyana a Kitabul Manazir cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, ya kuma gwada yadda yake bi ta ƙaramar kafa ya zana siffa a ɗaki mai duhu. Da aka soma ɗaukar hoto a Turai, gilasan farko ba sa shigar da isasshen haske, sai mutum ya daskare na tsawon mintoci kafin fuskarsa ta kama. A 1840 wani masanin lissafi a Biyana, Joseph Petzval, ya fitar da gilashi mai f/3.6 wanda ya rage jiran ƙwarai, daga nan hoton fuska ya zama sana'a. Abin da Petzval ya yi fama da shi, fuskar mutum a ƙarancin haske, shi ne dai mai hoton biki ke fama da shi a daren kowace Asabar a zaurukan Wuse da Maitama.

Gilashin da ke zuwa da sabuwar kyamara a kwali, mai 18 zuwa 55, ba shi da laifi da rana. Da zarar an shiga zaure, aka kashe manyan fitilu aka kunna masu launin shuɗi da jaja-jaja, sai rauninsa ya fito, domin idan aka zuƙo shi zuwa 55 ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. A nan ne ɗan ƙaramin gilashin nan mai 50 da f/1.8 ke nuna kansa. Hasken da yake shigarwa ya kusa ninka na wancan sau goma. Wanda Canon ta fitar a 1990 nauyinsa giram 130 ne, jikinsa roba. Wanda ya gaje shi a 2015 giram 160, kuma farashinsa a lokacin bai kai dala 150 ba. Nikon da Sony ma suna da nasu. Babu wani abin da mai hoto zai saya da irin wannan kuɗin ya ga canji a aikinsa kamar wannan. Ba ya zuƙowa, ƙafa ce ke matsawa gaba da baya, kuma wannan ma makaranta ce: wanda ya yi wata shida da shi kaɗai zai fara ganin hoton da idonsa tun kafin ya ɗaga kyamara.

Yana da tarihi a bayansa. Leica ta farko da Oskar Barnack ya tsara, wadda ta shiga kasuwa a 1925, da gilashi mai 50 ta zo. Henri Cartier-Bresson na Faransa ya yi kusan duk rayuwarsa ta aiki da mai 50. A Bamako, Malick Sidibé, wanda aka ba kyautar Zakin Zinariya a baje kolin Benis a 2007, ya ɗauki samari da 'yan matan Mali a shagonsa da Rolleiflex, kyamarar da gilashinta manne yake a jiki, ba a cire shi. Ba yawan kaya ne ya kai hotunan nan gidajen tarihi na duniya ba.

Duk da haka, a Abuja mai 50 yana yawan yin tsawo. A dubi ɗaurin aure bayan sallar Juma'a a Babban Masallacin Ƙasa, wanda aka gina a 1984. Liman na zaune, waliyyin amarya da wakilin ango suna gabansa gwiwa da gwiwa, an ajiye sadaki, jama'a sun yi da'ira sun matso kowa na son ya ji sigar da kunnensa. Manyan riguna na shadda suna gogar juna, sitaci na ƙara, wani ya ɗaga waya sama da kan kowa. Mai hoto yana tsugune, tsakaninsa da liman bai fi taku biyu ba, bayansa kuma ƙafafun mutane ne. Lokacin da aka ce a shafa Fatiha, hannuwa suka tashi gaba ɗaya, yana da daƙiƙa biyu ko uku. Da mai 50 fuska biyu zai samu. Da mai 35 zai samu liman, da waliyyi, da wakili, da tafukan hannun da ke kewaye da su, kuma babu fuskar da za ta karkace. Idan aka ce wa marubucin wannan rubutu ya zaɓi gilashi ɗaya tak don babbar kyamara a garin nan, mai 35 zai ɗauka, ko na f/1.8 mai sauƙin kuɗi ko kuma na Sigma mai f/1.4 da ya fito a 2012 ya girgiza manyan kamfanoni da ingancinsa. Mai ƙaramar kyamara kuma sai ya nemi mai 23 ko 24, ya sami irin wannan ganin.

Akwai wani dalilin da ba na lissafi ba. Gajeren gilashi yana tilasta wa mutum ya yi sallama. Ba za a ɗauki mai sayar da tumatir a Kasuwar Wuse da mai 35 a ɓoye ba, ko matar Gbagyi da ta ɗoro kaya a kafaɗa kamar yadda al'adarsu take. Dole a matso, a gaisa, a nemi izini, wani lokacin a ji a'a a haƙura. Hoton da aka ɗauka bayan gaisuwa daban yake, ana gani a idon wanda aka ɗauka. Aikin da Fati Abubakar ta fara a Maiduguri a 2015 mai suna Bits of Borno ya ratsa mutane ne saboda ta tsaya ta yi magana da waɗanda ta ɗauka, suka dube ta suna sane.

Sai dinar biki, inda abubuwa ke faruwa cikin gaggawa. Ango da amarya sun shigo, ƙawaye sun biyo da rawa, nan da nan an fara liƙi, uwar ango ta taso, wani babban baƙo ya iso da 'yan rakiya. Babu lokacin cire wannan gilashi a ɗaura wancan. Mai zuƙowa daga 24 zuwa 70 da f/2.8 don irin wannan daren aka yi shi. Gilashi mai zuƙowa na farko da aka yi wa kyamarar hoto mai fim 35 shi ne Zoomar na Voigtländer a 1959, kuma an daɗe ana raina irinsa saboda rashin kaifi. Na yanzu sun wuce wannan zargin. Na Canon samfuri na biyu giram 805 ne. Tamron ta fitar da mai 28 zuwa 75 don Sony a 2018, giram 550, a kuɗin da bai kai rabin na Sony ɗin ba, shi ya sa ya cika jakunkunan matasa. Da wuya a ji mai hoto ya ce wannan ne gilashin da ya fi ƙauna, amma sau tari shi ne ke biyan kuɗin haya. Wanda aikinsa na rana ne, taron ƙungiyoyi da bita a otal, mai f/4 ya ishe shi, ya rage nauyi ya rage kuɗi.

Gilashin da ya fi kama da Abuja kuwa shi ne mai 70 zuwa 200 da f/2.8. Garin mulki ne, kuma mulki yana da igiya. Daga 2015 zuwa 2023 Bayo Omoboriowo, mai ɗaukar hoton Shugaba Muhammadu Buhari, yana iya tsayawa dab da shugaban, a ofis ko cikin jirgi, kuma kusancin nan ya fito a hotunansa. Sauran abokan sana'arsa kuwa, a Dandalin Eagle ranar rantsarwa ta 29 ga Mayu, ko a barandar 'yan jarida a Majalisar Dokoki, ko a bayan zauren taro na Transcorp Hilton, wuri ɗaya ake nuna musu a ce kada su wuce. Daga can, ministan da ke kan mumbari ɗigo ne a gilashi mai 35. Da mai 200 sai a ga gumin goshinsa, a ga lokacin da ya sunkuya ya raɗa wa na kusa da shi magana, kuma irin wannan hoton ne edita ke nema.

Nauyinsa ya kusa kilo ɗaya da rabi, wuni guda da shi a wuya sai an nemi man zafi. Yana kuma buƙatar hannu mai natsuwa, domin dogon gilashi yana ƙara girman rawar hannu kamar yadda yake ƙara girman fuska. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada saurin ƙiftawar kyamara ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashin: mai 200, ɗaya bisa 200 na daƙiƙa. Na'urar hana girgiza, wadda Canon ta fara sakawa a gilashin da ake cirewa a 1995, ta sassauta wannan sosai, amma rawar hannun mai hoto kawai take gyarawa, ba ta tsayar da wanda ke rawa a fili. Kuma ya kamata a faɗa wa baƙo: dogon farin gilashi yana jawo ido. Wanda ya ɗaga shi a kusa da Fadar Shugaban Ƙasa, ko barikin soja, ko ofishin jakadanci ba tare da takardar izini ba, zai amsa tambayoyi.

A wajen kamu da wunin lalle amfaninsa wani iri ne. Amarya na lulluɓe, gwaggonni da ƙannen uwa sun kewaye ta, ana fesa turare, ana ciniki da dangin ango cikin raha. Namijin da ya shiga tsakiyarsu da kyamara ya ɓata wurin: mayafai za su gyaru, dariya ta ɗauke, kowa ya kama kansa. Daga gefen rumfa, da mai 200, ana samun hawayen uwa ba tare da an tsaya mata a ka ba. Wannan kunya ce, kuma gilashin yana taimaka wa mai hoto ya kiyaye ta. Mace mai hoto lissafinta daban. Tun da irin su Aisha Augie-Kuta suka nuna cewa 'yar Arewa za ta iya yin suna da kyamara a Abuja, mata da dama sun shigo sana'ar, kuma su ana barin su har ƙuryar ɗaki, inda ake shafa kwalliya ana yi wa amarya faɗa. Wadda ke da wannan damar, mai 35 da mai 50 sun fi mata amfani da dogon gilashi nesa ba kusa ba. Biki ɗaya ne, amma jakarta da ta abokin aikinta namiji bai kamata su zama iri ɗaya ba.

Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100, yana koyar da wani darasin. Yana cikin Jihar Neja, dab da Madalla a kan hanyar Kaduna, kuma kusan duk matafiyi ya taɓa ɗaga masa waya ta tagar mota, ya duba ya ga ɗan tudu a ƙarshen kwalta mai tsawo. Faffaɗan gilashi yana girmama na kusa ya ƙanƙantar da na nesa. Wanda ya ja da baya sosai, ya tsaya nesa da masu talla da manyan motocin da ke bakin hanya, sannan ya zuƙo zuwa 200, zai ga dutsen ya taso ya cika sama a bayansu, har siffar fuskar nan da ake faɗa ta fito. Nisan da aka tsaya ne ke haifar da wannan, gilashin yanko wurin kawai yake yi. Sai dai lokaci na da muhimmanci. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu na cika iska, kuma dogon gilashi yana tara duk ƙurar da ke tsakaninsa da dutsen, hoto ya fito fari fat ba armashi. Safiyar da ta biyo ruwan dare, a Mayu ko Oktoba, ita ce ranar Zuma da Dutsen Aso.

Hoton fuska yana da nasa gilashin, mai 85. Dalilin dai nisa ne. Idan aka matso da kyamara dab da fuska, hanci ya fi kunne kusa da ita sosai, sai ya kumbura. Idan aka ja taku uku ko huɗu, fuska ta koma yadda ido ya saba ganinta. Mai 85 yana cika hoto da kai da kafaɗa daga daidai wannan nisan. Babbar kyamarar wayar hannu, ko iPhone ce ko Tecno, ganinta kamar na mai 24 zuwa 26 ne, kuma yau kowace ƙawar amarya tana riƙe da ɗaya. Abin da ake biyan mai hoto dominsa shi ne abin da wayar ba ta iyawa. Tana ƙoƙarin dusashe bayan mutum da lissafin kwamfuta, amma a duba gefen ɗaurin ɗankwali ko mayafi mai raga, za a ga inda ta yanke ba daidai ba. Mai 85 da f/1.8 yana yin wannan da haske na gaskiya, kuma kuɗinsa bai kai sulusin mai 70 zuwa 200 ba.

A nan akwai abin da ke damun mai kishin sana'ar. Dusashe baya ya zama yayi har ya wuce wuri. Ana kai masu shirin aure Lambun Millennium, wanda Sarauniya Elizabeth ta buɗe a Disamban 2003, ko bakin Tafkin Jabi, a buɗe ƙofar gilashi zuwa f/1.4, a narkar da komai ya zama kore da ruwan toka. Hoton ya yi kyau, amma ba wanda zai ce a Abuja aka ɗauke shi. Wani lokacin ma idon amarya ɗaya ne ke fitowa da kaifi, ango da ke ɗan bayanta ya dushe. Shekara talatin nan gaba 'ya'yansu za su so su ga inda iyayensu suka tsaya, da irin motocin lokacin, da yadda garin yake. A tsuke ƙofar zuwa f/4 ko f/5.6 a wasu hotunan, a bar garin ya shigo.

Faffaɗan gilashi, mai 16 zuwa 35, yana da kasuwa a Abuja saboda dillancin gidaje. Falon da ke Guzape ko Asokoro ba ya shiga hoto sai da shi, kuma shi ke haɗa hasumiyoyi huɗu da ƙubbar zinariya ta Masallacin Ƙasa a hoto guda. Idan aka ɗaga kansa sama, hasumiyoyin sai su karkato kamar za su haɗu. Maganin shi ne a riƙe kyamara a miƙe, a nemi tudu ko bene. Kada a kusanci hoton dangi da shi. Duk wanda ya faɗo a gefe sai ya buɗe, kuma Hajiyar da aka ƙara wa faɗi ba za ta sake kiran mai hoton ba.

Mai 100 na ɗaukar ƙananan abubuwa ba dole ba ne, amma wanda ya same shi zai ji daɗinsa: zanen lalle a bayan hannu, zobe, aikin zare a wuyan babbar riga, ko zanen da matan Ushafa ke tsagawa a jikin tukunya tun tana ɗanya, a garin da Bill Clinton ya ziyarta a 2000. Irin wannan zane na ƙadangare da kifi da kunama ne ya fitar da Ladi Kwali duniya har hotonta ya hau naira 20. Gilashin yana kuma iya tsayawa a madadin mai 85 wajen hoton fuska, jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Daga 300 zuwa sama kuwa, na haya ne. Mai 400 da f/2.8 da ake gani a bakin fili a Filin Wasa na Moshood Abiola ya haura dala dubu goma. Sigma da Tamron suna da mai 150 zuwa 600, wajen kilo biyu, wanda ya isa wasan folo a kulob ɗin Guards ko hawan Sallah, musamman lokacin jafi da mahaya ke sukuwa su ja linzami a gaban Sarki. UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. Amma abin da za a yi amfani da shi sau biyu a shekara bai cancanci ya kwana a jaka da kuɗin mutum a jikinsa ba.

Yanayin Abuja yana cin gilashi ta fuska biyu. Da hunturu ƙura ce, mai laushi amma mai kaifi. Wanda ya goge gilashi da gefen rigarsa yana kankare rufin da ke hana ƙyalli ne da hannunsa. A fara hura ƙurar da 'yar robar iska, sannan a shafa da ƙyalle mai taushi. Kowane canjin gilashi a fili kuma ƙofa ce da aka buɗe wa ƙura ta sauka kan farantin kyamara, shi ya sa masu hali ke rataya kyamara biyu. Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, danshi ne. Gilashin da aka bari a jakar fata cikin sif mai duhu yakan yi fumfuna a ciki, farin zare-zare da ke cin rufin gilashin har ya bar tabo. Akwatin busarwa mai aiki da lantarki yana da kyau idan akwai wuta. In babu, robar abinci mai murfi da ƙullin ƙwayoyin tsotse danshi tana yin aikin. Wanda ya fito daga mota mai sanyin na'ura zuwa ɗumin waje kuma ya bar kyamara a jaka na 'yan mintoci, in ba haka ba gilashi ya yi raɓa daidai lokacin da amarya ke fitowa.

Maganar kuɗi ta canza tun Yunin 2023 da aka saki naira: dalar da ake saya a hukumance ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024, kuma duk gilashi da dala ake shigo da shi. Abin da ya ɗan sauƙaƙa shi ne sauyin da ya faru a waje. Sony ta fitar da A7 marar madubi a 2013, Canon da Nikon suka biyo da nasu sababbin tsarin a 2018, masu hoto a Turai da Amurka suka shiga sayar da tsofaffin gilasansu. Na Canon masu tsarin EF, wanda aka fara a 1987, da na Nikon masu tsarin F, wanda ya faro tun 1959, suna hawa sababbin kyamarori da ɗan zoben haɗi, kuma galibinsu aikinsu bai ragu ba. Kyamara kan tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau yana kai shekara ashirin. Wanda kuɗinsa ba su isa duka biyun ba, gara ya sayi kyamara ta hannu ya zuba sauran a gilashi.

A shagunan Banex da ke Wuse 2, ko a hannun abokin sana'a da ke son canza kaya, gilashi na hannu ba a sayensa da kallo. A tafi da kyamarar da za a ɗaura shi. A cire murfin gaba da na baya, a buɗe ƙofarsa, a haska fitilar waya ta baya a leƙa ta gaba: 'yar ƙura ba komai ba ce, kowane gilashi na da ita, amma zare-zaren fumfuna ko hazo mai kama da mai, a ajiye shi. A juya zoben zuƙowa a ji ko yana cijewa ko yana ƙara kamar da yashi a ciki. A duba ƙusoshin baya. Idan kawunansu sun kwarzane, an taɓa buɗe shi, sai a tambayi dalili. A saita shi kan abu na kusa sannan na nesa, sau da yawa, a saurari injinsa. Daga nan a manna shafin jarida a bango, a tsaya daidai gabansa, a ɗauka da ƙofa a buɗe, a girmama hoton a duba kusurwoyi huɗu. Idan rubutun gefe ɗaya ya fito ɗayan ya dushe, gilashin ya taɓa faɗuwa, kuma gyaran irin wannan a nan gida yana da wuya. Idan komai ya yi daidai, a sa mai shago ya rubuta lambar jikin gilashin a kan rasiɗi, a kuma nemi ya ba da kwana biyu ko uku na gwaji kafin ciniki ya faɗa.